Daga Kaskon Ruwa a Tsakar Gida Zuwa Bakin Tafkin Lagdo: Nazarin Hotunan da Suka Ƙi Fita

Wani malamin firamare a garin Lagdo da ke arewacin Kamaru ya sayi kyamara ta hannu a Garwa a farkon hunturu, irin mai ɗigo miliyan 24, haɗe da dogon gilashi mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 300. Burinsa bai wuce ya ɗauki tsuntsaye da ƙananan dabbobin da yake gani kullum ba, na tsakar gidansa da na bakin tafki, ya riƙa nuna wa ɗalibansa tare da sunayensu na Hausa da na Fulatanci. Bayan wata guda ya tara hotuna sun haura ɗari shida, amma waɗanda za a nuna wa mutum ba tare da jin kunya ba ba su kai goma ba. Belbela ta fito fari fat kamar an zubar da nono, ko layin gashi ɗaya babu. Baiwar Allah ta zama ɗan jan tabo a tsakiyar ƙasa. Abin da aka ɗauka a kan ruwa kuwa duk ya yi dishi-dishi. Sai ya yanke hukunci cewa gilashin ne ya lalace, ko kuma ya yi gajere, ya shiga cigiyar mai milimita 600.

Kafin a taɓa aljihu an fara da abin da ba ya cin ko dala. Kowace kyamara irin wannan tana rubuta bayani a jikin hoton da ta ɗauka: ƙarfe nawa ne, saurin ƙiftawarta nawa, faɗin ƙofar haske nawa, ISO (wato ƙarfin jin haskenta) nawa. Da aka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya sai aka ga kusan duka an ɗauke su ne tsakanin ƙarfe 11 na safe da 3 na rana, ranakun Asabar da Lahadi, bayan ya gama hidimar gida. Kyamarar tana kan koriyar alamar nan da ke bar mata zaɓin komai. A inuwar darbejiya ta riƙa sauke saurin ƙiftawa zuwa 1/125 na daƙiƙa, alhali gilashi mai milimita 300 a kan ƙaramar kyamara irin wannan yana neman aƙalla 1/500 don rawar hannu kaɗai, ba a ma zo maganar motsin tsuntsu ba. Wajen saiti kuma, wato zaɓar abin da zai fita tar a hoto, ta riƙa kama abin da ya fi kusa da ita, reshe ko ganye ko igiyar shanya, ta bar tsuntsun a baya.

An yi wa gilashin gwaji mai sauƙi. Aka manna takardar buhun siminti mai rubutu a bango, aka ɗora kyamarar a kan ƙaramar jaka cike da gero bisa turmi a nisan mita biyar, aka zuƙo zuwa 300, aka sa ƙofar haske a f/8, aka bar ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu don kada yatsa ya girgiza ta. Rubutun ya fito tar, har zaren takardar ana gani. Gilashi ya kuɓuta daga zargi.

Saura maganar gajarta, kuma ita lissafi ke raba ta. Allon da ke karɓar haske a cikin kyamarar faɗinsa milimita 23.5 ne, yana ɗauke da ɗigo 6,000 daga gefe zuwa gefe. In an zuƙo zuwa 300, a nisan mita 15 hoton yana kwashe fili mai faɗin kusan mita ɗaya da santimita 18. Baiwar Allah tsawonta santimita 10 ne har da wutsiya, saboda haka ɗigo 500 da 'yan kai kawai take samu. A matso zuwa mita huɗu, filin ya tsuke zuwa santimita 31, ita kuma ta samu kusan ɗigo 1,900. Gilashi mai 600 ninki biyu kawai zai bayar. Matsowa daga mita 15 zuwa 4 ta ba da kusan ninki huɗu, kyauta. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi tsuntsu ya yarda da mita huɗu, kuma wannan ba a koyonsa a bakin tafki inda fili ke da faɗi kuma kowane tsuntsu ke hango mutum tun daga nesa. A tsakar gida ake koyonsa.

Aikin tsakar gida

Da rani, ruwa ya fi hatsi jawo tsuntsu, ko da a garin da ke bakin tafki ne, domin ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba ba sa son yin nisa da mafaka. Malamin ya fara da kwanon silba mai zurfi da ya ajiye a tsakiyar fili. Kwana uku ba abin da ya sauka sai kajin gida. Kwanon yana da santsi, yana ƙyalli da rana, zurfinsa ya fi ƙafar tsuntsu, kuma babu wurin da tsuntsu zai tsaya ya duba kafin ya sauka. Aka canza shi da faffaɗan kaskon ƙasa, aka binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, aka zuba ruwa mai zurfin santimita biyu zuwa uku, aka sa dutse mai kaushi a tsakiya wanda kansa ya ɗan fito. A sama aka rataye gorar roba da aka huda da allura, tana ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa biyu ko uku. Wannan ɗigar ta fi komai aiki, domin tsuntsu yana jin ƙarar ruwa yana kuma ganin motsinsa tun daga kan bishiya.

Hoton ba a bakin kaskon ake ɗaukarsa ba, a kan reshen da ke kusa da shi ne. Tsuntsu kan sauka a wani wuri mai ɗan tsayi ya yi daƙiƙa biyu ko uku yana waige-waige kafin ya faɗa ruwa, kuma waɗannan daƙiƙoƙin su ne rabon mai hoto. Aka kafa busasshen reshen magarya mai kaurin ɗan yatsa, tsayinsa kamar kamu biyu daga ƙasa, taku ɗaya daga kaskon. Kaurin yana da muhimmanci: a kan gungume ƙaramin tsuntsu yakan ɓace, ƙafafunsa ma ba sa kama shi da kyau. Reshe ɗaya tak aka bari. In an kafa uku, tsuntsun zai zaɓi wanda ba a saita ba.

Bayan reshen nan ne hotunan farko suka sha kashi. Akwai bangon bulo, da shuɗin bokitin roba, da zanen da aka shanya, duk sun fito a hoto suna gasa da tsuntsun. Ƙa'idar ita ce abin da ke bayan reshe ya yi nisan mita huɗu ko biyar, ya kuma zama launi ɗaya. Aka jingina tsohon zana a jikin bangon, a wurin da inuwar mangwaro ke faɗawa da safe, sai ya narke a hoto ya zama ruwan ƙasa mai laushi. Maɓoyar mai hoto ita ma zana biyu ce da aka haɗa kamar kusurwa, aka yanke taga daidai bakin gilashi, a tsayin da zai yi daidai da idon tsuntsu in mutum yana zaune a kan tabarma. An kafa ta gabas da reshen a nisan mita huɗu, yadda hantsi zai fito ta bayan mai hoto ya haska fuskar tsuntsu, har a ga ɗan ƙyallin nan a ƙwayar ido wanda ke sa hoto ya yi rai. An bar ta kwana biyar ba kowa a ciki, sai da tsuntsaye suka ɗauke ta a matsayin kayan gida.

Saitin kyamara bai da yawa. Aka juya ta zuwa M, inda mai hoto ne ke zaɓa mata da kansa, aka sa 1/1000 da f/8, aka bar ISO yana hawa da sauka da kansa amma kada ya wuce 3200. Aka zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya na tsakiya, ana ɗora shi a kan ido, da tsarin saitin da ke bin motsi, wanda Nikon ke rubutawa AF-C, Canon kuma AI Servo. Aka kashe ƙarar nan ta “fit-fit” da take yi in ta kama saiti. Dalilin f/8 maimakon buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne, a nisan mita huɗu zurfin wurin da ke fita tar bai wuce santimita huɗu ba a f/6.3, a f/8 kuwa ya ɗan haura biyar. Santimita ɗaya ce, amma ita ke raba hoton da baki da ido suka fita tare da wanda ido kaɗai ya fita. Gilasai masu araha kuma sukan fi kaifi in an ɗan tsuke su. Ana danna uku ko huɗu a jere, a tsaya. Ta tsakiya ce galibi ta fi kyau, domin ta farko tana ɗauke da girgizar dannawa.

Cikin mako na biyu baƙi suka jeru. Kurciya ce ke fara zuwa, kuma in ta sha lafiya sai sauran su biyo. Asisi da baiwar Allah bibbiyu suke zuwa. Namijin asisi shi ne mai jan tabo a kumatu, macen ba ta da shi. Namijin baiwar Allah ja ne kusan duka, macen ruwan ƙasa ce mai ja a gindin wutsiya. Kabare kan zo garke guda su hargitsa wurin, kuma da rani mazan sun tuɓe baƙin kai da ɗorawar damina sun koma kamar mata, abin da ya sa malamin ya fara rubuta su a matsayin wani tsuntsu dabam. Wajen ƙarfe tara jan gwada ke hawa dutsensa. Shi ba a yi masa gaggawa: da sanyin safiya launinsa a dushe yake, sai ya sha rana kansa ke yin ja jikinsa ya yi shuɗi mai duhu. 1/500 ya ishe shi, sai dai lokacin da yake gyaɗa kai. A kwanta a ƙasa a ɗauke shi ido da ido, ba daga tsaye ba.

An gwada watsa gero, aka yi saurin ragewa zuwa tafi ɗaya da asuba. Fiye da haka kaji da tantabaru ke cinyewa, da dare kuma ɓeraye su gaji wurin. Ruwan kaskon ana zubar da shi kullum a goge da soso, domin sauro kan kammala daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin mako guda zuwa kwana goma a irin wannan zafi, kuma ruwan da ya kwana biyu yana yaɗa ciwon maƙogwaro tsakanin kurciyoyi. Kyanwar gida ita ce ta sa aka matsar da kaskon taku uku daga tarin itace, don kada ta samu wurin laɓewa.

Akwai kuma abin da littattafan hoto na Turai ba sa kawowa. Wata safiya ragon maza ya sauka a kan katangar da ta raba gidan da na maƙwabci, malamin ya miƙe ya auna shi da dogon gilashi. Daga ɗaya gefen abin da aka gani shi ne namiji yana leƙa gidan matan aure da na'ura. Sai da ya je da kansa ya gaida maigidan, ya nuna masa hotunan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, maganar ta mutu. Tun daga ranar bakin gilashi ba ya ɗagawa sama da katanga ta wannan ɓangaren, kowane irin tsuntsu ne kuwa.

Bakin tafki

Tafkin Lagdo ba na asali ba ne. Madatsar da wani kamfanin ƙasar Sin ya gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982 ita ta tara shi, kuma faɗinsa in ya cika ya kai murabba'in kilomita 586. Abin da wannan ke nufi ga mai hoto shi ne gaɓar ba ta zama wuri ɗaya. Ruwa kan cika a ƙarshen damina, sannan ya yi ta janyewa duk tsawon rani yana barin laka da ciyawa. Wurin da tsuntsaye ke kiwo a Disamba busasshiyar ƙasa ce a Maris. Daga Oktoba zuwa Maris kuma ana samun baƙin tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke gudo sanyin Turai suna bin bakin laka, ban da 'yan gida irin su zalɓe, belbela, kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa.

Dishi-dishin hotunan ruwa na farko dalili biyu gare shi, kuma babu wanda gilashi mai tsada zai gyara. Na ɗaya, da rana ta ɗaga ƙasa da duwatsu sukan yi zafi, iskar da ke kansu ta riƙa rawa kamar hayaƙin murhu. Ido ba ya damuwa da ita sosai, amma dogon gilashi yana tara rawar mita arba'in ko hamsin ya zuba a hoto guda. Mai 600 ƙara ta zai yi. Na biyu hazo ne: ƙurar hunturu tana cinye launi da kaifi gwargwadon nisan da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka. Maganin duka biyun ɗaya ne, a zo da wuri a kuma matso. A Disamba da Janairu rana kan fito wajen ƙarfe shida da minti ashirin. Ranar da sama ta washe, daga fitowarta zuwa ƙarfe takwas da rabi ne lokacin aiki. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa rana kan fito fara kamar faranti ba ta da ƙarfi, sai wajen bakwai da rabi haske ke isa, a ci gaba har tara da rabi. Irin wannan hasken ba abin ƙi ba ne in abin yana kusa, domin ba ya yin baƙar inuwa.

Wurin da malamin ya saba tsayawa yana fuskantar gabas, wato da safe rana a idonsa, tsuntsaye kuma baƙaƙe a kan ruwa mai ƙyalli. Aka nemi wani lungu inda ƙasa ta yi harshe cikin tafki, yadda zai zauna ruwa yana yamma da shi. A nan hunturu ke yi wa mai hoto wata alfarma da ba kowa ya lura da ita ba. Tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi, in zai sauka, ko in zai tsaya a sama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana ma da safe tana gabas. Wanda ya ba su baya duka biyun, tsuntsaye za su riƙa fuskantarsa cikin haske. Da yamma rana ta koma yamma iska kuwa tana nan inda take, sai a yi ta samun ƙeya da wutsiya.

Belbelar da ta fito kamar nono laifin ma'aunin haske ne. Kyamara tana kallon ruwa mai duhu da ya cika hoton, ta ƙara haske don ta gyara shi, farin tsuntsun ya ƙone. Ana rage mata da maɓallin nan mai alamar +/-, a sauke zuwa -1, wani lokaci -1.3, a kuma kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa a allon baya. Shirwa ko hankaka a farin sama akasin haka ne, sai an ƙara +1 zuwa +1.7, in ba haka ba baƙin zane kawai za a samu. A cikakkiyar rana lissafin da ba ya kuskure shi ne f/8 da 1/1600 a ISO 400, daga nan ake gyarawa.

Hoton da ya fi kowanne a wannan aiki na tsuntsun nan ne mai kamun kifi, fari da baƙi, mai dogon baki, wanda ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fukafukai kafin ya faɗa ruwa. Tsawonsa santimita 25 ne, kuma daga mita 30 ɗigo 640 kawai yake samu. Dabarar tsakar gida aka maimaita. Aka kafa gora a cikin ruwa mai zurfin gwiwa, kanta ya fito kamar mita ɗaya, nisan mita goma zuwa sha biyu daga wani dutse da mutum zai jingina ya rufa da tsohon bargo mai launin ƙasa. A lungun babu wani abin sauka da ya fi ta, don haka cikin kwana biyu ya karɓe ta. In ya kamo kifi a kanta yake dawowa ya buga shi har ya daina motsi, ya juya shi ya haɗiye ta kai. A kan gorar 1/1250 ya isa. In yana tsaye a iska, 1/2500 zuwa 1/3200 ke tsayar da fiffike, 1/500 kuma ya bar kai tar fukafukai su zama kamar hayaƙi, wanda a ganinmu ya fi nuna abin da tsuntsun ke yi. Namiji ɗamara biyu gare shi a ƙirji, mace ɗaya mai tsinkewa a tsakiya. Gorar sai an riƙa matsar da ita duk mako biyu tana bin ruwa. Mai kafa ta ya sa takalmin roba mai tsawo, domin ruwan gefe mai ciyawa da katantanwa shi ne gidan tsargiya.

Mashigar masunta, inda ake sauke ƙarfasa da tarwaɗa da giwan ruwa ana feɗewa, ita ce wuri mafi sauƙi: belbela da shirwa da zalɓe sun saba da mutane har ana samunsu a mita shida ba maɓoya. Sai dai wurin na mutane ne. Akwai mata masu wanki da yara masu wanka, don haka sai da aka gaida shugaban masuntan wurin aka faɗa masa abin da ake yi kafin a fito da kyamara. Madatsar kanta da tashar wutarta ba a auna su da gilashi. Wuri ne da ake tsaro, kuma a Kamaru ɗaukar irin waɗannan wurare ba izini yana jawo tambayoyi, wani lokaci har da karɓe kaya.

Kuskure mafi haɗari ya faru ne a mako na uku. Malamin ya iso tun da duhu-duhu ya sami wata kafa mai santsi a gaɓa, inda ciyawa ta kwanta, ya ga ta yi daɗin zama. Wani dattijon masunci da ke warware komarsa ya hango shi.

“Malam, tashi daga nan. Hanyar dorina ce, ba ka ga kashinta a watse a kan ciyawa ba?”

“Baba, ai na duba ruwan, ban ga komai ba.”

“Ba a ruwa take ba, ɗana. Tana bayanka, ba ta dawo daga kiwo ba tukuna.”

Dorina da dare take fita kiwo ta dawo da asuba ta hanyar da ta saba, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa shi ne ya fi kowa shiga haɗari. A tudu tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa. Hamman nan da masu hoto ke so gargaɗi ne take yi. A ruwa tana iya nutsewa minti biyar ta ɓullo inda ba a zata ba. Lissafin ɗigo a nan ya goyi bayan nisa: a mita 100 gilashin 300 yana kwashe fili mai faɗin kusan mita takwas, wanda ya ishi garke, a mita 60 kuma dabba ɗaya ta kusa cika hoto. Babu dalilin matsawa fiye da haka, balle in akwai ɗa. Daga ranar dattijon ne ke zaɓar wurin zama, shi ne kuma ke tuƙa kwale-kwale in za a shiga wajen duwatsun da rema ke shan hantsi. A cikin jirgi ba a sauka ƙasa da 1/1600, a kashe inji kafin a ɗauka, kuma ba a jingina gilashi a jikin katako domin duk girgizar jirgi ta nan take shigowa. Gwiwar hannu a kan cinya ta fi. Kyamara tana cikin bokiti mai murfi har sai jirgi ya tsaya.

Ƙura da zafi

A Fabrairu wasu baƙaƙen tabo suka fara fitowa a wuri ɗaya a kowane hoton sama. Ƙura ce ta shiga lokacin da ya cire gilashi a bakin tafki. Ana gane ta in an ɗauki farin bango a f/22. Famfon roba na hura iska ya fitar da ita, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ba a hurawa da baki, ba a kuma goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar hunturu tana da yashi mai karce. A fara hurewa, sannan a shafa da ƙyallen gilashi mai tsabta. Gilashi mai zuƙowa yana shaƙar iska duk lokacin da aka ja shi, don haka aka yanke ƙafar tsohuwar safa aka sa masa kamar riga. A Maris da Afrilu zafin yankin Garwa yakan haura digiri 40, wanda shi ne iyakar da masu ƙera irin waɗannan kyamarori ke rubutawa. Baƙar kyamara a rana ta fi iskar zafi nesa ba kusa ba, sai a rufe ta da farin ƙyalle, kada kuma a bar ta a akwatin babur.

Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Maris malamin ya ɗauki hotunan da ba su kai na watan farko yawa ba, ya fitar da kusan arba'in da aka wanke a Garwa aka manna a bangon aji. Ƙaramin kati mai santimita 10 da 15 yana neman ɗigo 1,200 da 1,800 ne kawai, don haka ko hoton da aka yanke rabinsa ya isa. Na farko da ya tura wa mai wankin ta WhatsApp sun dawo a dagule saboda manhajar tana matse hoto. Da aka tura su a matsayin fayil sai suka fita daidai.

Abu ɗaya ya gagara, shi ne gaggafar nan mai farin kai da ke kamun kifi. Tana zama a ƙolin bishiya ko dutse can cikin ruwa, ba ta karɓar gora, ba ta kuma bari jirgi ya matso. A kanta kaɗai maganar gilashi mai 600 ke da hujja, ita ma sai da sassafe kafin iska ta fara rawa. Hotunan tsuntsu a cikin tashi ma har yanzu fiye da rabi ba sa fita, domin injin saitin wannan gilashin yana da nawa. Abin da ke taimakawa shi ne a riga a saita a kan wani abu mai nisa ɗaya da inda tsuntsun zai bi, don kada gilashi ya yi ta lalube daga farko.

Da shamuwa ta iso aka san tsarin zai canza. In ruwan sama ya sauka ko'ina akwai abin sha, kaskon zai rasa baƙi. Aikin tsakar gida zai koma kan kabare, waɗanda mazansu ke mayar da baƙin kai su shiga saƙar sheƙa a rassan bishiya. Ana ɗaukarsu daga maɓoya a ƙasa, ba a hawa bishiyar, ba a kuma yanke ganyen da ya rufe sheƙa don hoto ya fita, domin shi ke kare ƙwai daga rana da shirwa. Kyamarar kuma za ta bar jakar yadi ta koma cikin robar abinci mai murfi, tare da ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ana shanya su a rana duk mako, saboda danshin Agusta kan sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi.